Kiran Agaji da Murya da Hukuncin Riƙo da Sababi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, kare rai yana cikin abubuwa biyar da Imam Gazali ya lissafa a Almustasfa cewa shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Malamanmu na Malikiyya ma sun tsananta: Shehu Halilu ya tabbatar a Mukhtasar cewa wanda ya ga rai zai halaka, yana da ikon ceto kuma ya ƙi, akwai lamuni a kansa. To, iko yana canzawa da zamani. A yau ɗan ƙaramin iko yana kwance a aljihun kusan kowane baligi, shi kuwa bai sani ba.

Wayoyin zamani suna da ma'aikacin da ke sauraron umarni da baki. Na iPhone sunansa Siri, ya fito a 2011. Wayoyin Android kuma, irin su Tecno da Infinix da suka cika kasuwanninmu, an fitar musu da Google Assistant a 2016. Idan an kunna shi, kunnen wayar yana nan a buɗe yana jiran kalmar da ake tashe shi da ita. Mutum ya ce "Hey Siri" ko "Hey Google", ya umarce shi ya kira 112, lambar gaggawa ta Najeriya wadda ba ta cin ko kwabo. Hukumar kiyaye haɗurra kuma tana da 122. A Nijar 17 ce ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana.

Amfanin wannan yana bayyana ne lokacin da hannu ya kasa. Dubi direban da motarsa ta ƙwace da dare tsakanin Zariya da Kano, sitiyari ya danne masa ƙirji, wayar ta faɗa ƙarƙashin kujera, yana ganin haskenta amma yatsunsa ba su kai ba. Harshe kaɗai ya rage masa. Ko uwar da ɗanta ya yanke a jijiya, ta danne ciwon da tafukanta biyu, in ta ɗaga ɗaya jini ya ɓalle. Ita ma magana za ta yi, ta ce a kira a buɗe lasifika, hannunta na inda yake.

Wani mai tsantseni zai ce, ashe a irin wannan hali ba Allah ya kamata a kira ba? Ƙwarai kuwa, kuma babu mai hana harshe haɗa biyun. Neman agajin halitta a abin da take iyawa halal ne. Suratul Ƙasasi ta ba da labarin mutumin da ya nemi agajin Annabi Musa a kan abokin faɗansa. Hadisin ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah da Tirmizi ya ruwaito kuwa ko ɗan makarantar allo ya san shi.

Sai dai ɗaurin nan tun da lafiya ake yin sa. Siri ba ya jin Hausa, don haka dattijon da bai iya Turanci ba sai 'ya'yansa sun koya masa jimlar har ta zauna a bakinsa. Dole a shiga saitin waya a ba ma'aikacin izinin amsawa ko da an kulle allo, in ba haka ba za ka yi ta kira yana shiru. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta karkatar masa da baki kuma na'ura ba za ta gane shi ba. Shi ya sa yake da kyau a san cewa a wayoyi da yawa danna maɓallin gefe sau biyar a jere yana buɗe kiran gaggawa.

Amma kada a gwada da kiran gaske. Mai buga 112 don wasa yana tare layin da wani ke mutuwa a bakinsa, kuma ni ban ga yadda zai kuɓuta daga zunubi ba. A gwada da lambar ɗan'uwa ko maƙwabci mai mota, domin a ƙauyuka da yawa shi zai riga motar asibiti isowa.

Ina kira ga limamanmu da malaman islamiyya su ware minti biyar bayan karatu su nuna wa jama'a wannan saiti, magidanta kuma su duba wayoyin iyayensu tsofaffi a daren yau.