ABIN DA YA HANA ƘASAR SHAM ZAMA LAFIYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ba da mulki ga wanda Ya so, Mai karɓe shi daga wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, mutane suna yawan tambaya, me ya sa ƙasashen Larabawa ba su zauna lafiya? Me ya sa talakawansu ba su da bakin zaɓen shugaba, balle na sauke shi? To, mu ɗauki ƙasa guda, wato Siriya, wadda malamai suke kira Sham, mu duba abubuwa uku da suka tare mata hanya.

Na farko shi ne bindiga. Sojojin Faransa sun fita daga Sham a 1946. Shekara uku kacal bayan haka, a 1949, aka yi juyin mulki har sau uku cikin shekara ɗaya. Husni Za'im ya hau, Sami Hinnawi ya ture shi aka kashe shi, Adib Shishakli kuma ya ture Hinnawi. A 1963 jam'iyyar Ba'as ta ƙwace mulki, ta kafa dokar ta-ɓaci. Ba a ɗage dokar nan ba sai 2011. Shekara 48 ke nan, jama'a! Wanda ya shigo ta taga ai ba ya barci, don ya san wani ma ya ga tagar. Shi ya sa kowane soja da ya hau, aikinsa na fari shi ne tsare kujera.

Na biyu shi ne gado. Hafiz Asad ya karɓi mulki a 1970, ya riƙe shi shekara 30. In lokacin ƙuri'a ya zo, sunansa kaɗai ke kan takarda, ka ce i ko ka ce a'a, kuma kowa ya san abin da ke jiran mai cewa a'a. Da ya rasu a 2000, tsarin mulki ya ce sai mai shekara 40 zai shugabanci ƙasa, ɗansa Bashar kuwa shekararsa 34. Nan take majalisa ta zauna ta mai da dokar 34. Kun ji ko? Aka ɗinka doka daidai wuyan yaro, kamar riga. Sunan ƙasa jamhuriya, amma ana gadonta kamar gonar uba.

Na uku shi ne toshe bakin mai nasiha. 'Yan leƙen asiri sun cika kasuwa da makaranta da masallaci. A 1982, da masu ɗauke da makamai suka yi tawaye a birnin Hama, sojoji suka rusa unguwanni, suka kashe dubban mutane, mai laifi da marar laifi. A 2011 aka kama yara a Dar'a don sun yi rubutu a bango, aka azabtar da su. Iyaye suka fito neman 'ya'yansu, aka amsa musu da harsashi. Daga nan wuta ta kama. Da bango ya tsage, ƙadangaru suka sami wurin shiga: Iran, Rasha, Turkiyya, Amurka, kowa da nasa yaran. Miliyoyin mutane suka yi gudun hijira. A ƙarshe, ran 8 ga Disamba 2024, Bashar ya tsere zuwa Mosko. Inna lillahi! Ina ribar?

Wasu suna cewa wai Musulunci ne ya hana Larabawa shawara. Wannan jahilci ne. Ba'as ba da sunan addini ta yi mulki ba. Kuma ku buɗe Alƙur'ani, akwai sura guda sunanta Shura, inda Allah Ya yabi muminai da tsai da salla, Ya haɗa da yin shawara cikin al'amarinsu. Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, mubaya'a aka yi masa, kuma a huɗubarsa ta farko ya nemi jama'a su miƙar da shi in ya karkace. Sayyidina Umar da ajali ya zo, mutum shida ya ware su yi shawara, ya hana a ba ɗansa Abdullahi, ga shi kuwa malami ne mai tsoron Allah. A auna wannan da abin da majalisar Sham ta yi a 2000.

Saboda haka, 'yan'uwa, akwatin ƙuri'a shi kaɗai ba ya warkar da ƙasa. Sai an sami soja mai komawa bariki, da alƙali wanda shugaba ke jin tsoron hukuncinsa, da malami mai faɗin gaskiya bai kwana a kurkuku ba. Mai mulki ya sani in ya rufe ƙofar nasiha ya buɗe ta fitina. Talaka kuma ya sani ɗaukar makami ba wasa ba ne, jinin Musulmi yana da alfarma, kuma mai kunna wuta bai san inda za ta tsaya ba. Waɗanda suka karɓi Sham bayan Asad, wannan ma'aunin ne ke jiransu.

Allah Ya ba mutanen Sham da sauran ƙasashen Musulmi shugabanni adalai masu jin shawara. Allah Ya ji ƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya mai da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.