Shaidar Wanda Bai Gani Ba

Mutumin da ya zuba ido dare guda bai ga kome ba, ko yana da shaidar da zai bayar? Yawancinmu mu kan ce ba shi da ita. In ana shari'a a gaban dattawan ekklesiya, wanda ya ce ya gani shi a ke saurara, wanda ya ce bai gani ba kuwa sai a sallame shi. Bari mu duba wannan magana ta wurin aikin waɗansu masu duban taurari.

Akwai duwatsu masu ɗimbin yawa da ke kewaya rana, yawancinsu tsakanin taurari biyu masu tafiya da malamai ke kira Mirriku da Mushtari. An gano na fari, Ceres, a shekara ta 1801, na biyu kuma, Pallas, a 1802. Saboda nisansu, ko a madubin hangen nesa ɗigon haske kaɗai su ke. To, yaya za a san girmansu da siffarsu?

Wani lokaci dutse ya kan gitta ta gaban wani tauraro, inuwarsa ta faɗo a kan duniya. Faɗin inuwar daidai ya ke da faɗin dutsen, tana kuwa gudu da sauri ƙwarai. Wanda ta bi ta kansa zai ga tauraron ya mutu farat ɗaya, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya sāke kamawa. Masana su kan yi lissafi tun da wuri, su sanad da rana da sa'a da hanyar da inuwar za ta bi. Sai masu sha'awa, waɗanda duban taurari ba sana'arsu ba ce, su jeru a gicciye kan hanyar nan, ko wane da madubinsa a wurin da aka ba shi. A dā su kan auna lokaci da alamar agogo ta rediyo. Yanzu da kyamarar bidiyo su ke yi, suna samun lokaci daga tauraron ɗan adam. Lissafin ba wuya. In inuwa tana cin kilomita 15 a daƙiƙa, tauraron kuma ya ɓuya wa mutum daƙiƙa 10, to, ta wurinsa faɗin dutsen kilomita 150 ke nan. Ko wane mutum layi ɗaya tak ya ke kawowa. Sai an jera layukan duka sa'an nan siffa ta fito. Haka aka yi ran 29 ga Mayu, 1983, sa'ad da mutane fiye da ɗari a kudancin Amurka suka auna Pallas, mai faɗin kilomita 500 da ɗoriya.

Amma ga waɗanda aka tsayar a bakin hanya. Sun yi tafiya, sun sha sanyi, inuwa ta wuce ta gefe, tauraronsu ko ƙyaftawa bai yi ba. Su ma a kan bukaci rahotonsu, gama da shi a ke sanin iyakar dutsen: bai kai nan ba. In ɗayansu ya ji kunyar komowa hannu wofi, ya ce ai kamar ya ga hasken ya ɗan dushe, ya ƙara wa dutsen ƙusumbin da ba shi da shi, ya ɓata aikin 'yan'uwansa duka.

Ran 3 ga Yuni, 2017, aka baza masu madubai a Ajantina da Afirka ta Kudu domin wani ɗan dutse mai nisan gaske, wanda daga baya aka sa wa suna Arrokoth. Ba wanda ya ga tauraron ya mutu, haka kuwa suka faɗa. Aka sāke lissafi. Ran 17 ga Yuli madubai biyar a Ajantina suka kama inuwar, a Agusta 2018 kuma aka sāke kama ta a Senegal. Layukan suka nuna abu mai kama da curi biyu a manne. Da kumbon New Horizons ya wuce kusa da shi ran 1 ga Janairu, 2019, sai hotuna suka gaskata su.

Wani zai ce, ashe wanda ba shi da tabbas sai ya ce bai gani ba, ya huta. A'a. Masu wannan aiki sun raba amsa uku: na duba na ga ya mutu, na duba sosai bai mutu ba, girgije ya rufe ni, ban iya dubawa ba. Wanda girgije ya rufe, in ya rubuta cewa tauraron bai mutu ba, ya yi ƙarya daidai da wanda ya ƙaga gani. Ya guntule dutsen inda ya kamata ya miƙe.

'Yan'uwa, nan ne mu kan yi tuntuɓe. Ana tuhumar wata yarinya, ko ma'ajin majami'a, ko wani mai bishara. Wani ya ji a kasuwa, ya zo gaban dattawa ya mai da ji gani. Wata tana wurin tun daga fari har ƙarshe, ta san abin bai faru ba, amma ta yi shiru domin tana ganin wanda bai gani ba ba shi da ta cewa. Wani kuma ba ya nan sam, amma domin mai laifin ɗan'uwansa ne sai ya rantse ba a yi kome ba. Ta haka a kan hana marar laifi cin jibin Ubangiji, mai laifi kuwa ya zauna a kujerar gaba. Har a lokacin ba da shaida ran Lahadi, mu kan ji nauyin cewa mun yi addu'a ba mu ga amsa ba tukuna, sai mu ƙara gishiri.

Shari'ar Musa ba ta yarda a kā da mutum a bakin mashaidi ɗaya ba, sai biyu ko uku. Amma ukun nan ba su da amfani in biyu suna maimaita abin da na fari ya faɗa. Allah ne kaɗai ke ganin siffar al'amari duka. Mu, layi ɗaya ɗaya aka ba mu. In aka kira mu, sai mu faɗi inda muka tsaya, da abin da muka gani, da abin da muka duba ba mu gani ba, da inda girgije ya rufe mu. Sauran mu bar wa dattawa su jera.