Ko Ya Kamata A Yi Wa Kyanwa Fiɗa?

Idan mutum ya tsaya a bakin kasuwa ya ce kyanwarsa tana da ciwon daji, likita kuwa zai yi mata fiɗa ran Talata, mun san abin da zai biyo baya. Waɗansu za su yi dariya, waɗansu su ce ƙoshi ne ya yi masa yawa, wata tsohuwa kuma ta riƙe baki. Amma a Ingila da Amurka wannan magana ce ta kowace rana. 'Ya'yanmu da su ke karatu ko aiki can su kan ga abokin aiki yana hawaye saboda kyanwarsa, ba su san abin da za su ce masa ba. A manyan garuruwanmu ma ana kai kyanwa wurin likita yanzu, gama akwai asibitin dabbobi kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Saboda haka, 'yan'uwa, bari mu ajiye dariya tukuna, mu auna maganar.

Da fari sai mu san irin cutar. Ciwon daji iri iri ne ga kyanwa, amma zan ɗauki ɗaya wanda ya kan kai ga wuƙar likita, watau na nono. Kyanwa tana da nono 8, huɗu a kowane gefe. Sa'ad da ta fara tsufa, wajen shekara 10 ko 12, mai ita ya kan shafa cikinta wata rana ya ji ɗan ƙullutu ƙarƙashin fata. Ga karya, irin wannan ƙullutu wajen rabinsa ba mugu ba ne. Ga kyanwa kuwa abin ya fi muni, gama cikin 10 fiye da 8 mugun ciwo ne mai yaɗuwa zuwa kaluluwa da huhu. Likitoci sun ga girman ƙullutun shi ne babban abin dubawa. In an cire shi tun bai kai santimita 2 ba, watau yana kamar ƙwayar gurjiya, kyanwa ta kan yi shekara 3 ko fiye. In an bari ya wuce santimita 3, ya yi kamar goro, sau da yawa 'yan watanni kaɗai su ka rage mata. Aikin kuma ba ƙarami ba ne. Ba ƙullutun kaɗai a kan yanke ba, a kan kwashe dukan nonon da ke gefen nan, a ɗinke tun daga hammata har cinya. A Ingila kuɗin wannan ya kan kai ɗaruruwan fam, wani lokaci ya haura dubu.

To, ga tambaya ta fari. Kyanwa tana da wani hakki a kan mai ita?

Masu ilmi ba su taɓa zama baki ɗaya a kan wannan ba. Wani Bafaranshe mai suna Dekart, wanda ya mutu a 1650, ya koyar cewa dabba kamar agogo ta ke, tana motsi tana ƙara amma ba mai tunani a ciki. Waɗansu mabiyansa su ka ɗauki maganar har su ka riƙa yanka karnuka da rai ba tausayi. A 1789 wani Bature na Ingila, Bentam, ya ce abin tambaya game da dabba shi ne ko tana shan azaba, maganar hankali da iya magana daban ce. A wurin nan Bentam ya fi gaskiya, ko yaron da ya taɓa taka wutsiyar kyanwa ya sani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba kuwa shi ne, jam'iyyar hana zaluntar dabbobi da aka kafa a London a 1824, wadda ta ke nan har yau, wani limamin ekklesiya ne ya tara mutanenta, sunansa Arthur Broome. Wilbafos, wanda ya yi yaƙi da cinikin bayi, yana cikin waɗanda su ka zauna ran nan. Broome ya bar aikinsa na ekklesiya domin wannan, har aka sa shi kurkuku saboda bashin jam'iyyar.

Ba daga iska su ka samo wannan ba. Littafin Misalai sura 12 ya sa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci. Sa'ad da annabi Natan ya so ya huda zuciyar sarki Dauda, labarin da ya kawo na wani matalauci ne mai 'yar tunkiya ɗaya, wadda ta ke ci daga abincinsa, tana kwana a ƙirjinsa kamar ɗiya. Ku lura, Natan bai yi wa matalaucin nan ba'a ba, Dauda ma bai ce ai dabba ce kawai ba. Fushinsa ya yi ƙuna. Maƙwabtanmu Musulmi kuma suna da labarin wata mace da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nema ba. Mulkin da aka ba mutum a kan dabbobi a littafin Farawa irin na wakili ne, wakili kuwa zai ba da lissafi. Ban da haka, kyanwar nan ba ita ta roƙi zama gidanka ba. Kai ka kawo ta tun tana 'yar ƙarama, ta yi shekara goma tana tsare maka rumbu daga ɓeraye, ko tana ɗebe wa tsohuwarka kewa. Wanda ya ci moriyar ganga ba daidai ba ne ya ya da kwaurenta.

Amma akwai magana mai nauyi a ɗaya gefen, ba na so in wuce ta da sauri. Cutar nan da ta kama kyanwa ita ce ta ke kashe matanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da ciwon daji na nono, 685,000 kuma su ka mutu. Kowane fasto a ƙasar nan ya taɓa zama a bakin gadon wata 'yar'uwa wadda ta ɓoye ƙullutu har ya fashe, domin ba kuɗin mota zuwa babban asibiti, balle na fiɗa. Yaya mutum zai zuba dukiya a kan kyanwa, alhali kuwa ga gwauruwa a bayan katangarsa da ciwo iri ɗaya? Wanda wannan tambaya ba ta dame shi ba, lamirinsa yana barci.

Ubangijinmu da kansa ya ba mu ma'auni a Matta sura 12. Ya ɗauka cewa kowane mai tunkiya zai fid da ita daga rami ko da ran Assabbat ne, bai kuwa tsauta wa kowa a kan haka ba. Sa'an nan ya nuna mutum ya fi tunkiya daraja nesa. Duka biyu suna tsaye, ba a rushe ɗaya domin a gina ɗaya. Ga yadda na ke gani. Mutumin da zai taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa, ko ya ci bashi da ruwa, ko ya hana mahaifiyarsa magani domin fiɗar kyanwa, ya juya tsarin Allah a kife. Wanda ba shi da hali, ba laifi a kansa in bai yi ba, kada kuwa wani ya ɗora masa kaya. Amma wanda Allah ya buɗa masa, ya biya hakkin gidansa, hannunsa kuma a sake ya ke ga mabukata, ban ga inda ya yi zunubi ba idan ya kai dabbarsa wurin likita.

Sai dai in faɗi wani abu a gefe. Na lura masu saurin tuna matalauta sa'ad da aka ambaci kyanwa, ba su cika tuna su ba sa'ad da a ke maganar ankon biki, ko sabuwar waya, ko shanun da a ke yankawa ran jana'iza. Kuɗin da aka hana kyanwa, da wuya ka ga ya isa hannun gwauruwar nan. Tausayi kuma ba kamar hatsin rumbu ba ne da zai ragu in an ɗiba. Wilbafos da ya ji tausayin doki, shi ne ya ji na bawa.

Yanzu mu ce hali yana nan. Saura tambaya wadda ta fi wuya, wadda mai kyanwa zai yi wa kansa cikin dare. Wannan fiɗa domin wa za a yi ta, domin kyanwar ko domin zuciyata?

Ku duba bambancin. Mutum idan likita ya gaya masa sunan ciwonsa, tun ran nan ya fara shan wahala, gama yana tunanin gobe, da 'ya'yansa, da kabari. Amma saboda wannan tunani kuma yana iya cewa, na yarda in sha azabar wata shida domin in ga auren 'yata. Kyanwa ba ta da ko ɗaya cikin biyun nan. Sunan cutar ba ya tsorata ta, ran da aka faɗa maka ita tana kwance a rana tana lasar ƙafarta kamar jiya. Ba ta kuwa iya sayen gobe da azabar yau, domin ba ta san ana ciniki ba. Abin da ta sani shi ne zafin da ta ke ji yanzu, da baƙon ɗaki, da hannun da ba ta saba da shi ba. Tun da ba ta iya yarda ko ƙi, nauyin duka ya komo kan mai ita. Domin wannan ne likitocin dabbobi, in za su ba da magungunan nan masu ƙarfi na ciwon daji, su kan rage yawansu ƙasa da yadda a ke ba mutum. Sun fi so dabba ta ci abinci ta yi wasa cikin kwanakin da su ka rage, da a tsawaita kwanakin tana amai.

Saboda haka amsar tana wurin hoton ƙirji da bakin likita. In ƙullutun ƙarami ne, huhu kuma sarai, sati biyu na ciwon ɗinki domin shekara biyu ko uku na lafiya ciniki ne mai kyau, ina tsammani kyanwar ma da tana da baki da ta yarda. In kuwa cutar ta riga ta shiga huhu, wuƙa ba za ta kamo ta ba. Mai nacewa a yi aiki a wannan hali, tsoron rabuwa ne ya ke yi wa magani, dabbar kuwa ita ke biya. Kada ka ji kunyar tambayar likita a fili, in ta ka ce, me za ka yi? Ka tambaye shi kuma wata nawa aikin zai ƙara mata, da irin zaman da za ta yi cikinsu.

Wanda aka yi wa tasa aiki, ga abin da zai tarar. Za ta komo da ciki a aske da dogon ɗinki, ganinsa ya fi tsorata mai ita bisa ga yadda ya ke damunta. A kan sa mata wani abu kamar mazurari a wuya domin kada ta lashe wurin, a cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, ba ta cika kuka ba, sai dai ta shige ƙarƙashin gado, ta ƙi abinci, ta bar gyaran gashinta. Waɗannan su ne maganarta, sai a koyi jinsu. Ina kuma gargaɗi da babbar murya, kada kowa ya ba kyanwa farasitamol don tausayi. Hantarta ba ta iya narkar da shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin zafi sai wanda likita ya bayar.

Akwai masu cin kansu da zargi, suna cewa da na sani. Gaskiya ne wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna kyanwar da aka cire wa mahaifa da gidan ƙwai tun ba ta kai wata 6 ba, hatsarin ciwon nan ya kan ragu mata da kashi 91 cikin 100. Wannan ilmi domin kyanwa ta gaba ne. Ba a shari'anta mutum a kan abin da ba wanda ya gaya masa.

Idan kwanaki su ka ƙare, numfashi ya yi wuya, abinci ya ƙi shiga, likita yana da allura wadda za ta sa ta barci ba farkawa. Waɗansu masu bi su kan yi shakka, suna tsammani daidai ne da kashe majiyyaci. Ba daidai ba ne. Ran mutum, wanda aka yi cikin surar Allah, ba a ba mu iko a kansa ba. Na dabba an sa shi a hannunmu, shi ya sa makiyayi ya kan yanka saniyar da ta karye ba ya barinta ta kwana tana nishi. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne al'adar nan ta sa kyanwa mara lafiya cikin buhu a kai ta bayan gari a yar, ko a jefe ta da duwatsu a ce mayya ce saboda ƙurjin da ke cikinta.

Yara za su yi tambaya, kada a ruɗe su a ce ta gudu. A gaya musu ta mutu, a bar su su haƙa ɗan rami a gindin bishiya, mai kuka ya yi kukansa. Lalle ɗaya cikinsu zai ce, Baba, za mu gan ta a sama? Littafi bai yi mana alkawari a kan wannan dabba ko waccan ba, kada mu ƙara masa abin da bai faɗa ba. Amma Romawa sura 8 ta nuna dukan halitta tana nishi tare da mu, tana sauraron ranar 'yantarwa. A kan wannan sura ce Wesli ya rubuta wa'azi a 1781, inda ya sa zuciya dabbobi ma za su sami rabonsu cikin sabuwar halitta. Ni dai abin da na kan gaya wa yaro shi ne, wanda ya yi kyanwar ya san ta tun kafin mu san ta, bai kuwa manta da ita ba. Yawancin yara wannan ya kan ishe su, sai su tambaya ko za a samo wata.