Da Wace Tiya Za a Auna Waƙa? Gardama kan Faya-fayan Mdou Moctar

A Mai Yara, cikin gundumar Dakoro, idan kaka ta yi aka ɗaure damman hatsi aka kai rumbu, hirar dare takan yi tsawo. Samari kan shimfiɗa tabarma a fada, a ɗora butar shayi kan garwashi, a ajiye salula a tsakiya tana kiɗa. Cikin abin da ake saurare har da jitar Abzinawa, wadda ƴan ci-rani suka daɗe suna shigowa da ita daga Agadas da Libiya. A irin wannan zama akan tayar da wata gardama mai wuyar kashewa: cikin faya-fayan Mdou Moctar, wanne ne ya fi?

Mai karatu yana iya ɗaukar wannan surutun masu shayi ne kawai. Amma duk malamin da ya taɓa riƙe jan biro, da duk wanda ƙungiyar al'adu ta taɓa ɗora shi kan kujerar alƙalancin gasa, ya san nauyin kalmar "ya fi". Wanda ya furta ta ya ba da shaida, shaida kuwa amana ce. Saboda haka ya kamata a dubi yadda ake yanke irin wannan hukunci ba tare da an zalunci mai aikin ba.

Tafiyar makaɗin

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine daga yankin Abalak da Cintabaradan a jihar Tawa, maƙwabtan ƙasar Dakoro. Ya tashi a gidan da ba a maraba da kiɗa, sai ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke, bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou. A shekarar 2008 ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato, da salon waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin: kiɗan fiyano, da murya wadda kwamfuta ta lanƙwasa. Babu kamfanin da ya tallata shi. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka bazu a Sahel, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su a katin waya, ya saka ɗaya daga ciki a wani tarin waƙoƙi da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011.

Daga nan aiki ya ci gaba. Afelan ya fito a 2013, an ɗauke shi a gida Nijar. A 2017 aka sami Sousoume Tamachek, mai sanyi, wanda shi kaɗai ya kaɗa kayan kiɗansa. Daga baya ya shiga situdiyo a birnin Detroit na Amurka da cikakkiyar ƙungiya, suka fitar da Ilana a 2019, inda kiɗan rok ya bayyana ƙarara. Sunan Mdou Moctar ya zama sunan mutum huɗu: shi kansa, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bas. Kamfanin Matador ya fitar musu da Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024, da Tears of Injustice a 2025. Wanda ya saurari Anar sannan ya saurari Funeral for Justice ba tare da an gaya masa ba, da wuya ya yarda hannu ɗaya ne ya kaɗa su.

Ra'ayoyi uku

Masu gardamar sukan rabu gida uku. Na farko su ne magidantan da suka ji Anar suna samari. Su a wurinsu da tsohuwar zuma ake magani: wannan ne kiɗan gida, abin da ya biyo baya kuwa don kunnen Turawa aka yi shi. Na biyu su ne ɗalibai, irin waɗanda suka dawo hutu daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Hujjarsu ita ce jaridun Amurka da Ingila sun sanya Afrique Victime cikin fitattun faya-fayan 2021. Na uku su ne masu zafin kishin ƙasa, waɗanda suka rungumi Funeral for Justice domin a cikinsa akwai waƙar da ta fuskanci Faransa kai tsaye.

Kowane gida yana da gaskiyarsa, amma kowannensu wani abu dabam yake aunawa. Na farko yana auna ƙuruciyarsa, na biyu yana auna yabon baƙi, na uku yana auna ra'ayinsa na siyasa. Babu wanda ya ɗora faifan kansa a ma'auni.

Tiya ɗaya wajen saye da sayarwa

Kowa ya san dokar kasuwar hatsi. Tiyar da aka auna wa mutum gero da ita lokacin saye, da ita zai auna lokacin sayarwa. Mai tiya biyu azzalumi ne, kuma Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda da sunan masu tauye mudu. Wannan doka tana aiki a kan hukuncin waƙa kamar yadda take aiki a kan gero.

A ɗauki zargin da ake yi cewa makaɗin ya bar asali ya ari kiɗan Amurka. In aro laifi ne, to Anar ne ya fara aikata shi, domin sautinsa na situdiyon Sakkwato ne, daga waƙoƙin finafinan Hausa, su kuma waɗannan sun sha daga finafinan Indiya. Ita kanta jitar baƙuwa ce a hannun Abzinawa. Matasan da fari da gudun hijira suka kora zuwa Aljeriya da Libiya ne suka ɗauke ta, kamar ƴan ƙungiyar Tinariwen a ƙarshen shekarun 1970, suka ɗora mata karin waƙoƙin iyayensu. Wanda ya yafe aron Sakkwato ya kuma hukunta aron Detroit, tiya biyu gare shi. Abin da ya dace a tambaya shi ne ko abin da aka aro ya zauna daram a hannun mai aro.

Haka nan mai kafa hujja da jaridun waje. Yabonsu ba ƙarya ba ne, amma yawancin masu rubuta shi ba sa jin Tamashek, ba su kuma taɓa tsayawa a filin biki a Agadas ba, inda wannan kiɗa ya girma cikin ƙura da ƙarar janareta. Sai dai a nan ma akwai tiya ta biyu da ya kamata a kula da ita: Bahaushen Mai Yara shi ma galibi ba ya jin Tamashek. Bambancinsa da ɗan jaridar Landan shi ne yana da maƙwabci Ba'abzine da zai iya tambaya a kasuwa ko a bakin rijiya. In bai tambaya ba, hukuncinsa a kan rabin aikin ya tsaya, kuma adalci ne ya faɗi haka.

Shi kuwa mai kishin ƙasa, sai a tambaye shi: da waƙar ta soki abin da yake so da irin wannan gwaninta, zai ce ta fi? In amsarsa a'a ce, to ra'ayinsa yake yabo. A cikin faifan da yake so ɗin akwai waƙar Imouhar, wadda ke kiran Abzinawa su riƙe harshensu kada ya salwanta. Wannan kira ya shafi kowane malamin harshen gida, amma ba kasafai ake ambatonsa a fada ba, domin ba ya tayar da jijiyar wuya.

Daga bakandamiya zuwa faifai

Tambayar "wace ce ta fi" ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Narambaɗa yana da Bakandamiyarsa, Mamman Shata ma yana da tasa, har kalmar ta zama sunan duk wata waƙa da ta yi wa ƴan'uwanta zarra. Sai dai can waƙa guda ake zaɓa, kuma sau da yawa mawaƙin ne da bakinsa yake naɗa ta. Faifai kuwa tarin waƙoƙi ne da aka jera da niyya, yana da mafari da tsakiya da ƙarshe, kamar littafi. Salula ta wargaza wannan jeri, kowa yana da waƙa biyu ko uku da aka tura masa. Sharaɗin farko ga mai son yin hukunci ke nan: ya saurari kowane faifai daga farko har ƙarshe. Malamin da ya karanta shafi ɗaya ya ba da maki, kowa ya san sunan abin da ya yi.

Ƙungiyar da kanta ta ba da darasi kan wannan. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya same su suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, komawa gida ta gagara na wani lokaci. Cikin wannan zaman jira suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, shi ne ya zama Tears of Injustice. Baitocin ba su sauya ba, amma abin da ya fito da fushi a faifan farko ya fito da baƙin ciki da kewar gida a na biyu. Wanne ya fi? Amsar tana rataye da abin da mai sauraro yake nema daga waƙar zalunci, tsawa ko hawaye. Dole ya bayyana tiyarsa kafin ya auna.

Hukunci

Faɗin haka ba hanyar gudu ba ce. Cewa "kowa da abin da yake so" yakan kashe gardama, amma ba ya koya wa kowa komai. Hausa ta tanadi kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa: mafi soyuwa, mafi muhimmanci, mafi kyau. Na farko hakkin zuciya ne, ba a jayayya da shi. Na biyu na tarihi ne, kuma a nan Anar ba shi da abokin karawa, domin ba don shi ba da sauran ba su samu ba, kuma mutanen Sahel ne suka ɗaukaka shi tun duniya ba ta san sunan mai shi ba.

Na uku shi ne mai bukatar ma'auni. Ga wanda za a iya karewa a gaban kowa: faifan ya tsaya a matsayin aiki guda, ya ɗauki abin da ya gabace shi ba tare da ya yi watsi da shi ba, kuma sautinsa ya dace da maganarsa. Da wannan tiya, Afrique Victime ne ke kan gaba. A cikinsa akwai sanyin Sousoume Tamachek a waƙa irin Tala Tannam, akwai wutar Ilana a Chismiten, akwai girmama magabaci a Layla, wadda aka yi don tunawa da Abdallah Oumbadougou da ya rasu a 2020. Waƙar da faifan ya ci sunanta kuwa tana farawa a hankali, ta yi ta ƙara sauri har jitar ta koma kamar kururuwa, daidai da abin da take faɗi game da halin da Afirka ke ciki. Funeral for Justice ya fi shi ƙarfi, amma bai kai shi faɗi ba. Cewa wannan hukunci ya zo daidai da na jaridun waje ba aibi ba ne, tunda ba ta hanyarsu aka iso gare shi ba. Wanda ya zo da wata tiya, ya bayyana ta, ya kuma yi aiki da ita a kan dukkan faya-fayan, yana da damar isa ga wani sakamako, kuma a saurare shi.

Naɗewa

Wani abu ya rage. Makaɗan nan suna raye, aikinsu bai ƙare ba, saboda haka duk hukuncin da aka yanke yau na wucin gadi ne. Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wanda ya ɗaure mawaƙi a faifansa na farko ya yi kama da malamin da ya ƙi yarda ɗalibinsa ya girma, yana ta auna shi da jarrabawar ajin farko. Wanda kuma ya ɗauka sabon aiki kullum ya fi tsoho, ya manta da wanda ya share gonar. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo a makarantu za su amfana in suka riƙe ƙa'idoji uku: a saurari aiki gaba ɗaya, a sanar da ma'auni tun kafin a fara, a kuma auna ɗan gida da baƙo da tiya ɗaya. Yaron da ya ga an yi masa hukunci haka, ko bai ci gasa ba, ya koyi abin da zai yi wa wasu ranar da jan biro ya zo hannunsa.