Kunya A Cinikin Katafila

Na san wasunku za su yi dariya su ce me ya haɗa marubuciyar littattafan soyayya da zancen katafila, tunda ba tuƙa ta nake yi ba, ba kuma gyaranta nake yi ba. To ku yi haƙuri ku saurare ni, domin kuɗin da ake sayen katafilar nan sau da yawa daga ɗakunanmu yake fita, ko gwal ɗin mace aka kai kasuwa, ko gadon marayu aka haɗa, ko gonar da uba ya bari aka sayar. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce, idan ɗan uwanka ko amininka ko wani dattijo da kake jin nauyinsa zai sayar maka da abu mai tsada, ka ce masa sai ka kawo wanda zai duba, shin ka ci mutuncinsa ne?

Katafilar da nake nufi ita ce mai dogon wuya da bokiti a gaba, wadda take tafiya a kan sarƙa, samarin gareji suna ce mata eskabeta. Irin su Caterpillar 320 da Komatsu PC200, nauyin kowacce ya kai tan 20. Da ita ake ɗibar yashi a gulbin da ya ratsa Gusau ya wuce ta Bungudu, da ita ake haƙar jar ƙasar cikon hanya, ake yashe tafki, ake loda dutse a tifa. Sai kuma zancen zinare. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, ba a ɗage hanin ba sai a Disambar 2024, to tun daga lokacin duk wanda ya ɗan ji nauyin aljihunsa sai ka ji yana zancen sayen katafila ya riƙa ba da haya. Sabuwa kuwa ba ta talaka ba ce, ba ma ta ƙaramin attajiri ba ce, saboda haka ta hannu ake saye, wadda ta gama ƙuruciyarta a Turai ko Japan, aka sauke ta a Legas, ta yi hannu biyu ko uku kafin ta iso mana. Kuma duk da tsufanta miliyoyin naira ake zubawa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya sami wata ƙawata a Tsafe. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, wan mijin shi ne yake riƙe da dukiyar marayun, mutumin kirki ne wallahi, ba maciyin amana ba ne. Ya yi tunanin maimakon kuɗin su zauna suna lalacewa gara a sayi katafila a riƙa samun na haya duk wata. Wanda zai sayar kuwa wani dattijo ne, aminin mahaifinsu tun suna yara. Ƙawata ta ce masa, "Yaya, da dai an sami makanike ya duba ta kafin a biya." Sai ya ce, "Haba ke ko! Mi kike nuhi? In kai ma abokin Baba makanike awa wani ɓarawo? Da wane ido zan dube shi?" Ta yi shiru, don ita ma kunyar take ji.

Aka kawo katafila ta sha sabon fenti ruwan ɗorawa tana ƙyalli, 'yan unguwa suka fito kallo ana ta sanya albarka. Ba ta yi wata biyu tana aiki ba famfon da ke tura man ɗaga wuyan ya mutu, aka ci bashi aka sayo wani daga Kano, ana ɗaurawa sai wata tsohuwar walda da fenti ya rufe a wuyan ta buɗe. Yanzu haka tana nan a bakin hanya awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Dattijon ya rantse da Allah bai san da waldar ba, haka shi ma ya saye ta, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma wa zai yarda? Gidajen nan biyu da suka yi shekara arba'in ana zumunci, yau ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su. Kunyar da aka ji don a tsare zumunci ita ce ta kashe shi.

Ni abin da yake ba ni mamaki da mu Hausawa shi ne, a ƙaramin abu ba ma jin wannan kunyar. Mace za ta sayi tukunyar ƙasa sai ta ƙwanƙwasa ta ji ko ta tsage, mai tukunya ba ta fushi. Ƙwan zabi sai mun jefa a ruwa mun ga wanda ya nutse da wanda ya taso. Ragon layya sai an buɗe bakinsa an ƙirga haƙora, an dudduba idonsa da ƙafarsa, mai rago yana tsaye yana kallo. Amma da zarar kuɗi ya yi yawa, mai kayan kuma ya zama babban mutum, sai bakinmu ya mutu mu yi cinikin biri a sama. Ashe kenan mun fi tausayin kuɗin ƙwai a kan gadon maraya?

Ina da ƙane makaniken manyan injuna a Gusau, na zaunar da shi na ce ya faɗa mini yadda ake duba katafila, kuma zan faɗa muku don ku ga babu cin fuska a ciki ko kaɗan. Ya ce, "Yaya, abu na farko a je da sassafe, a taɓa injin a ji ya yi sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa." A tayar da shi a tsaya a kalli hayaƙi. In shuɗi ne to yana ƙona baƙin mai, in fari ne mai kauri da ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi to a yi zargin ruwa yana shiga inda bai kamata ba, in kuwa baƙi ne ƙirin to gas ba ya ƙonewa daidai. A zaro sandar awon mai a duba, in man ya koma kamar an dama shi da madara, ruwan lagireto ya haɗu da shi, wannan kuwa babban aiki ne.

Daga nan sai a koma kan wuya da bokiti. A cika bokitin da ƙasa, a ɗaga shi sama, a kashe inji a zuba ido, in yana sulalowa ƙasa da kansa da sauri to akwai yoyo a ciki. A bi tiyo-tiyon da sandunan ƙarfen nan masu sheƙi a ga ko mai yana tsattsafowa. A kafa bokiti a ƙasa a girgiza a ga ko mahaɗan sun yi sako-sako, a juya jikin hagu da dama a saurari ko akwai ƙara a wurin da yake juyawa. A dafa bokitin a ɗaga gefe ɗaya a bar sarƙa ta yi ta gudu a sama, a duba haƙoran da ke jan ta ko sun cinye sun yi tsini, domin gyaran ƙafafun nan yana daga cikin abin da ya fi cin kuɗi a jikin katafila. Agogon da ke ƙirga awannin aiki kuwa ya ce kada a yarda da shi shi kaɗai, ana canza shi, a gwada shi da cinyewar kujera da abin takawa, domin tsohuwa ko ta yi kwalliya tafiyarta tana tona ta. Duk inda aka ga sabon fenti a wuri ɗaya a sa hannu a shafa ko walda ce a ƙasa. A ƙarshe a gwada lambar da ke jikin ƙarfen da ta takardun kwastan da rasit, kada mutum ya sayi kayan sata ko kayan da ake bin bashi a kansu. Sannan a sa ta haƙa rami na awa ɗaya ko biyu har man ya yi zafi, domin wata katafilar da safe zaki ce, da rana ta yi sai ta zama tunkiya.

To jama'a a cikin duk wannan ina zagin yake? Ƙarfe ake tuhuma, ƙarfe kuwa ba shi da mutuncin da za a ci. Mai kayan ma akwai abin da bai sani ba a cikin kayansa, tunda ba shi ya ƙera ba, ba kuma shi ya fara hawa ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce duniya da yarda take tafiya, in kowa ya ce sai ya bincika kowa ai zama ba zai yiwu ba, kuma addini ya hore mu da kyautata zato. Haka ne, ni ma ba na son zaman da ɗa zai riƙa ƙirga canjin uwarsa. Amma a lura, kyautata zato ga mutum daban, rufe ido ga kaya daban. Mun ji a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa faɗa a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Mafi kyautata zato a cikin halitta kenan, amma ya sa hannu ya duba. Littafin Risala ma da ake karantawa a zaurukanmu ya hana algus da ɓoye aibin kaya a ciniki, ya kuma ba wanda ya sami aibi zaɓin ya riƙe ko ya mayar. Sai dai ku da kanku kun san mayar da tan 20 na ƙarfe bayan an kashe kuɗin ba kamar mayar da atamfa ba ne, shari'a za a yi ta yi har yaran su girma.

Wani abin kuma, mutum yana da ikon yin kunya da kuɗinsa, in ya ga dama ma ya yi kyauta da su. Amma wanda yake riƙe da dukiyar maraya, ko kuɗin adashen mata, ko jarin da 'yan uwa suka haɗa, ba shi da wannan ikon, domin kunyarsa ce amma asarar ta wasu ce. Sannan akwai yaron da zai hau ya tuƙa, akwai leburan da za su tsaya a cikin rami bokiti yana wucewa ta kansu. In wuyan da aka yi wa waldar ɓoye ya karye a kansu, me za a gaya wa iyayensu? A ce musu an ji nauyin Alhaji ne? Nan kam dubawa ta tashi daga haƙƙin mai saye ta zama nauyi a wuyansa.

Har mai gaskiyar ma binciken nan gata ne a gare shi. Wani Ba'amurke masanin tattalin arziki mai suna George Akerlof ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, ya nuna cewa in masu saye ba su iya bambance mai kyau da ruɓaɓɓiya, to kowacce za su taya ta da arha don tsoro, mai mota mai kyau ya ga ba a biya shi daidai ba ya janye tasa, kasuwa ta rage sai ruɓaɓɓu. Wannan tunani yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Mu mata mun san haka tun kafin shi, ranar da aka fara zuba wa nono ruwa a kasuwa, mai nono mai kyau ita ta fara kuka. Saboda haka mai katafila mai lafiya shi ya kamata ya fara cewa a kawo makanike, domin ta nan ne kawai kayansa za su yi daraja. Wanda kuwa ya ɓata rai don an ce za a duba, yana cewa ana raina shi, yana gaggawar a biya yau-yau wai akwai wani mai so daga Sakkwato, to ya ba ka amsar da makanike ma ba zai ba ka ba.

Ba na cewa bincike yana gano komai, akwai ciwon da ke cikin inji wanda sai Allah. Shi ya sa nauyin mai sayarwa bai faɗi ba don mai saye ya duba. In ka san famfo yana gab da mutuwa, ka ga makanike ya wuce bai lura ba ka yi shiru kana murna, to ka ci haram ko da an yi shaidu goma. Masu iya magana suka ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, balle kai da kake sayar da abin gina rami. Haka shi ma dillali da la'ada ta rufe masa ido, da makaniken da ya karɓi na goro a hannu biyu. Don haka mai saye ya zo da makanikensa, ya biya shi daga aljihunsa, kada ya yarda da wanda dillali ya kawo.

Shawarata ga 'yan uwana ita ce mu mayar da dubawa al'ada, yadda muka mayar da binciken asali da hali kafin aure al'ada, har ya zama ba wanda zai ji an ware shi. Dattijo in zai sayar wa ɗan amininsa abu, shi ya sauƙaƙa masa ya ce, "Ɗana, je ka zo da wanda ka yarda da shi ya duba, in ya ga aibi mu rage kuɗi ko mu fasa." A rubuta abin da aka gani mai kyau da maras kyau, a sa shaidu, kowa ya riƙe takardarsa. Ke kuma 'yar uwa da gwal ɗinki ko gadon 'ya'yanki yake cikin cinikin, ki yi magana cikin ladabi amma kada ki janye, ɓacin ran yini ɗaya ya fi gabar shekara ashirin sauƙi.

Allah Ya ba mu halal Ya sa mata albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin marayu, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.