Magani Haja Ne, Ko Amana?

Jiragen ruwa suna shigowa ta bakin kogin Wuri su sauke kaya a tashar Duwala. Cikin kayan akwai shinkafa da siminti, akwai kuma magani da allurai da na'urorin asibiti, waɗansu na Kamaru, waɗansu za su wuce Chadi da Afirka ta Tsakiya. A takardar kwastan duka haja ne. Amma matar da ke zaune a unguwar Hausawa ta New Bell da yaro mai zazzaɓi a cinyarta ba za ta ce haka ba. Mai sayen atamfa yana iya tayawa, in ba a sallama ba ya tafi. Mai sayen magani ba ya da wannan dama, gama ciwo ba ya jiran farashi ya sauka.

Mutanen New Bell sun ga wannan a Janairu 1994, sa'ad da aka rage darajar sefa da rabi, kuɗin maganin waje ya tashi. Da yawa suka koma wurin masu talla a bakin hanya. A 1995 dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka ba wanda ya ƙirƙiro magani ikon mallakarsa shekara 20, aka kuma gyara yarjejeniyar Bangi a 1999 ta bi wannan. A lokacin, maganin ƙanjamau na shekara guda ya fi dala 10,000. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da irinsa dala 350. A shekarar ne kuma taron Doha ya yarda cewa dokar mallaka kada ta hana ƙasa kare lafiyar mutanenta. A 2007 Kamaru ta fara ba da maganin kyauta.

Shin cin riba a kan magani zunubi ne? A'a. Wanda ya yi shekaru yana bincike ya cancanci ladansa, haka ma matuƙin jirgi da ɗan dako. Ko Basamariyen nan da ya ɗaure raunukan baƙo sai da ya biya mai masauki dinari biyu. Mai masaukin bai yi laifi da ya karɓa ba. Da zai yi laifi in da ya ga mutum yana bakin mutuwa, ya ce sai dinari ɗari.

Arha kaɗai kuma ba ta isa ba. Tun Agusta 2016 Kamaru ta soma rage harajin kayan Tarayyar Turai, ƙasashen Afirka kuma suka sa hannu kan kasuwa ɗaya a Kigali a 2018. Ƙofar da aka buɗe wa na kirki, mugu ma ta nan yake shiga. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Uwa ba ta iya gane ƙwayar gaske daga ta alli da ido. Ta dogara ne ga mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Saboda haka magani haja ne, amma haja ce da amana a cikinta. Mai sa hannu a yarjejeniya, da ma'aikacin tasha mai duba kwantena, da mai tebur a kasuwa, kowa yana riƙe da ran wani. In ma'aikacin ya karɓi cin hanci ya kau da kai, yaron da zai sha abin da ya wuce yana iya zama ɗan maƙwabcinsa.