Wa Ya San Sunanka?

Ɗan'uwana mai karatu, in ruwa ya sauka a Kiyeshe, ka leƙa bayan danga. Kuɓewa ta yi fure, yakuwa ma haka. Yaro yakan zo da waya ya ɗauki hotonsu. Kafin kwana biyu furen ya yi yaushi ya faɗi, hoton yana nan. To, ka shinshina hoton, ba ƙanshi. Ka jira shi, ba zai yi 'ya'ya ba.

Ka dubi sunaye kuma. Kakanninmu sun lura da itatuwa kafin su raɗa musu suna. Bishiyar da aka kawo daga Indiya, da suka ga saurin tashinta, sai suka ce dogon yaro. Ƙaramar ciyawa mai farin ruwa suka ce nonon kurciya. Masana a Turai ma sun yi nasu. A 1753 wani mutumin Suwidin, Linnaeus, ya tsara sunayen tsiro da kalmomi biyu biyu. Kuka aka sa mata Adansonia, domin tunawa da Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal. Gawon da ke gonarka aka ce Faidherbia, sunan wani gwamnan Faransa. Amma Adanson bai halicci kuka ba. Gwamnan nan ya mutu, gawo yana ta ba tumaki abinci da rani.

Ga tambayar. In suna da hoto ba su iya riƙe ran fure ɗaya, me zai riƙe naka? Mutum yakan sha wahala domin ya bar suna, ya rataye hotonsa a bango. Jikokin jikokinsa za su tambaya, wane ne wannan?

A Matiyu sura 6 Yesu ya nuna furannin jeji, ya ce ko Sarki Sulemanu bai kai su ado ba, balle kai da ka fi su daraja a wurin Allah. A Yohanna sura 10 ya kira kansa makiyayi, wanda ya san kowace tunkiya da sunanta, ya kuma ba da ransa dominsu. Shi da ya tashi daga matattu, shi ne mai iya riƙe rai.

Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi yau, a rubuta sunanka a littafin rai. Da yamma ka tara iyalinka ku karanta surorin nan biyu tare.